Kada Motarka Ta Zama Gidan Ɓera

Kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu. Yanzu ne manoma da yawa suke jingine tarakta, ko akori-kurar da ta yi jigilar hatsi, sai damina ta ƙarato. To amma motar da za ta yi wata uku ko huɗu ba a leƙa ta ba, akwai mai jiran ta. Shi ne ɓera.

Me ya sa ɓera yake son mota?

Sanyin hunturu yakan sa ɓera neman mafaka. Cikin inji akwai duhu, ba iska, ba mai damun sa. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba. Macen kuwa cikin kamar kwana 20 take haihuwa, 'ya'ya biyar ko shida ko fiye.

Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, saboda haka kullum cikin gaigaye abu yake. Yakan ci robar waya da tiyon mai, ya yage soson kujera ya yi sheƙa a gidan matatar iska. Ranar da aka tashi aiki sai mota ta ƙi tashi, a fara neman kuɗin bakanike. Abin da ya fi muni, idan wayoyin da ya feɗe suka haɗu, gobara tana iya tashi.

Abin da za ka yi

1. Share motar tas. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada ka bar ƙwayar dawa ko gyaɗa ko ɗaya a bodi ko ƙarƙashin kujera. Fitar da tsofaffin buhuna da tsummoki.

2. Ajiye ta nesa da rumbu da tarin kara. Nome ciyawar da ke kewaye da ita, domin ɓera ba ya son ratsa fili.

3. Toshe bakin salansa da mashigar iska da soson ƙarfe ko ragar waya. Tsumma ba ya hana shi. Ɗaura ƙyalle a sitiyari, don ka tuna ka cire su kafin ka tayar da inji.

4. Cire batir ka kai ɗaki. Idan ba batir, wayar da aka feɗe ba za ta yi tartsatsi ba.

5. Ɗana tarko kusa da tayoyi da gindin bango, ka sa ƙuli-ƙuli. Tarko da kyanwa sun fi guba. Guba tana kashe kaji, tana da haɗari ga yara, kuma ɓeran yakan mutu ya ruɓe inda hannu ba ya kai.

6. Kowane mako ka buɗe bonet ka duba. Kashin ɓera, ko guntun soso, ko warin fitsari, alama ce baƙo ya sauka.

Kula da lafiyarka

Wani irin ɓera yana ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Tana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera, kuma ta fi yawa da rani. Kada ka share kashin a bushe, ƙurarsa ta shiga hancinka. Haɗa awo 1 na ruwan bilic da awo 9 na ruwa, ka jiƙa wurin, ka jira minti 5. Sa leda a hannu ka kwashe, ka binne, sannan ka wanke hannu da sabulu.

Wannan shawara ta shafi babur da injin ban ruwa ma. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.