Haihuwar Karya: Lokacin Ƙyale Ta Da Lokacin Neman Taimako

A ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, mafarauta da makiyaya sun san darajar kare, gama shi ke korar nama a daji, shi ke gadin garke da dare. Amma sau da yawa akan yi hasarar karya mai kyau da 'ya'yanta wajen haihuwa, saboda rashin sanin lokaci. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana wa malaman makaranta da ma'aikata yadda abin yake, su kuma su sanar da jama'a.

Cikin karya yakan yi kwana 63, ko ya ragu ko ya ƙaru kaɗan. In ya rage kwana guda, zafin jikinta yakan sauka daga wajen digiri 38 zuwa 37. Sai ta ƙi abinci, ta yi ta haki, tana tonon ƙasa, galibi a ƙarƙashin rumbu. Wannan ita ce farkon naƙuda, takan ɗauki sa'a 6 zuwa 12.

Sa'an nan sai nishi. Kwiyakwiyai sukan fito ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu minti 30 zuwa sa'a guda. Wani da kai, wani da ƙafafun baya, duka daidai ne. Uwar da kanta za ta yage jakar, ta lashe ɗan har ya yi numfashi, ta gatse cibiya. A nan aikin mai ita shi ne ya ajiye mata ruwa, ya kori yara, gama karya mai jego tana da saurin cizo.

To, amma akwai alamu uku da ba a jira a kansu. Na fari, ta yi minti 30 tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito. Na biyu, ta wuce sa'a biyu shiru alhali da saura a ciki. Na uku, ruwa kore ya zubo kafin ɗan fari, watau mabiyiya ta rabu, ɗan yana cikin haɗari. In an ga ɗaya daga ciki, kada a ja, kada a ɗura mata jiƙo. A nemi malamin dabbobi nan da nan.

Bayan haihuwa, a tabbata kowane ɗa ya sha dakashi a ranar farko. Da hunturu kuwa, musamman a ƙauyukan bakin Gulbin Sakkwato da kewayen madatsar Bakolori, a shimfiɗa musu buhu, don ba su iya riƙe ɗumin jiki. Idanunsu sukan buɗe bayan kwana 10 zuwa 14. In sun cika wata uku, a kai su allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma fa sai in ya rayu.