Taku Nawa Ne Tsakanin Rijiyarka da Masai?

Duk wanda ya sayi fili a gefen Sakkwato, ko a Kwannawa, ko bayan Arkilla, ko cikin ƙauyukan Wamakko da Kware da Dange Shuni waɗanda gari ke ta haɗiyewa, ya san bututun gwamnati ba zai biyo shi nan kusa ba. Ramuka biyu zai haƙa kafin ya tare: ɗaya na ɗebo ruwa, ɗaya na zubar da ƙazanta. Yawanci kuma magini ne ke zaɓar inda kowanne zai zauna, a ɗan wurin da ya rage bayan an fitar da ɗakuna da zaure da shago. Maigida na can yana lissafin kuɗin siminti, bai san a yinin nan aka yanke hukunci kan lafiyar ƴaƴansa na shekaru masu yawa ba.

Jiran famfo ba dabara ba ce. Cikin birni ma, inda aka shimfiɗa bututu tun tuni, ƴan ga-ruwa da kurarsu ta jarkoki ne ke riƙe da unguwanni da dama. Galibin ruwan da ake tacewa a ba birnin daga gulbin Rima yake zuwa, shi kuwa Rima a lokacin rani yana dogara da abin da madatsar Goronyo ta saki. A 2018 ruwan madatsar ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take iya ɗauka. Idan na kusa da tukunya bai ƙoshi ba, na bayan gari sai ya nemi wa kansa mafita.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da ita mai sauƙin riƙewa ce: tsakanin ramin masai da rijiya kada ya gaza mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. To, a auna da filayenmu. Filin da ake kira hamsin da ɗari, da ƙafa ake ƙirga shi, mita 15 ne da mita 30. Ko an kai rijiya wannan kusurwa an kai masai waccan, da ƙyar aka cika ƙa'ida. Mai rabin fili kuwa ba shi da yadda zai yi. Kuma a ce ka yi naka daidai, me ke bayan katangar da rijiyarka ta jingina da ita? Sau da yawa masan maƙwabci ne, domin shi ma nesanta shi ya yi da ɗakunansa ya kai shi ƙarshen fili. Katanga iyakarta saman ƙasa.

Shi ya sa nake ganin wannan magana ta fi ƙarfin gida ɗaya. A sabuwar unguwa, tun filaye suna fili, ya kamata masu su su zauna gaban mai unguwa a yi shawara: ramukan ƙazanta duk su bi layi ɗaya, ruwan sha kuma a haɗa kuɗi a yi rijiyar burtsatse guda mai kyau a wurin da ya nisanci kowane rami, maimakon rijiyoyi goma da kowace ke maƙwabtaka da masan wani. Mu mutane ne da ba mu wasa da alƙibla wajen gina ban-ɗaki. Magini ya kuskure, a sa shi ya rushe. Da rabin wannan kulawar za mu ba tazara, da an rage zaryar asibiti.

Mita 30 ɗin ma ba a ko'ina take isa ba, domin ƙasar Sakkwato ba iri ɗaya ba ce. A fadamar Rima ruwa na kusa ƙwarai, shi ya sa masu noman albasa ke samunsa da ɗan gajeren bututu. Ramin masai a irin wannan wuri, da damina, cikin ruwan da ake sha yake zaune. A tudu kuma akwai farin dutsen nan da kamfanin siminti ke fasawa a Kalambaina, wanda ya shimfiɗu ƙarƙashin yanki mai faɗi. Rijiyoyi marasa zurfi da yawa daga cikinsa suke samun ruwa. Yashi mai laushi yana tace ƙazanta sannu a hankali yayin da take ratsa shi, amma wannan dutse tsage-tsage gare shi da ƙofofi, ruwa na bi ta ciki da sauri ba tare da ya tatu ba. Ruwan da ya fi aminci yana can ƙasa, cikin shimfiɗun yashi da yumɓu ya rufe, waɗanda masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu, irin su Gwandu da Wurno da Taloka, kuma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta wallafa rahoto a kansu tun 1973.

An daɗe da ganin abin da kusancin rami da rijiya ke jawowa. A Landan, a 1854, kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwa ɗaya. Likita John Snow ya bi sawun mamatan har ya gano ruwan famfo guda suke sha a titin Broad, aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazanta bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba. Mutanen unguwar kuwa yabon ruwan suke yi don daɗinsa, har da mai aikowa daga nesa a ɗebo mata.

Irin wannan yabon ana jin sa a nan. Ka ce wa dattijo rijiyarsa na da matsala, ya ɗebo a ƙoƙo ya nuna maka: “Mi al laihin ruwanga? Tun kakanninmu shi muka sha.” Kuma ya karanta fiƙihu, ya san ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba mai tsarki ne. Gaskiya ne, alwala ta yi. Sai dai hukuncin tsarki daban, amincin sha daban. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba su da launi, ba su da wari. Kakannin kuma ba su zauna da masai ashirin kewaye da rijiya ɗaya ba.

Mai rijiya ba sai ya cike ta ba. A ɗaga bakinta ya kai ƙugu, a yi daɓen siminti kewaye da ita mai gangara waje, a ja ƴar kwata ta kai ruwan da ya zube nesa, a yi mata murfi. Guga ɗaya tak, a rataye, ba kowace mace ta zo da nata wanda ta ajiye a ƙasa inda awaki suka bi ba. Wanda ya samu hali ya rufe ta ɗungum ya sa famfon tuƙa-tuƙa. Burtsatse ma ba a sa mata ido don sunanta kawai: idan mai haƙa bai zuba siminti ya toshe kewayen bututun daga sama ba, ruwan kwata zai bi jikin bututun ya gangara, ka biya kuɗin ruwa mai zurfi kana shan na sama. Ka tsaya a kansa ranar wannan aikin. Kafin a fara sha kuma a kai ruwan ɗakin gwaji, a nemi a duba ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda ke zuwa daga masai da takin zamani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita. Jarirai ya fi yi wa illa, kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

Ta ɓangaren masai, abin da ya fi ba ni takaici shi ne sokawe. Tsarin asali ɗaki biyu ne: tanki mai daɓe da filasta wanda ba ya yoyo, inda ƙazanta ke kwanciya, sannan ramin tsotsewa da ke karɓar ruwan da ya taso kaɗai. Amma magina da yawa sukan bar gindin tankin a buɗe, har su yi maka albishir cewa naka ba zai taɓa cika ba. Ba zai cika ba mana, tunda ƙasa yake tafiya. Gida mai tayil da masan zama na iya fin gidan mai ramin gargajiya ɓata ruwan unguwa, domin kowane ja na ruwa lita da yawa yake turawa cikin ƙasa.

Inda ruwa ke da tsada, busasshen rami ya fi dacewa. Akwai samfurin da aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970: bututu ya tashi daga ramin ya wuce rufi, a ɗaure bakinsa da raga, cikin ɗakin ya zama da ɗan duhu. Wari ya bi bututu, ƙuda ya bi haske ya maƙale a raga. Akwai kwanon roba na SATO mai marfi a ƙasa, wanda ruwan buta ɗaya ke buɗewa ya koma ya rufe. Mai ɗan fili kuma zai iya yin tagwayen ramuka marasa zurfi: ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana amfani da ɗayan, kafin nan abin ciki ya bushe ya zama taki. Wannan ya fi a kira masu kwasa da dare su juye ɗanye a kwata ko bakin gulbi. Kada kuma a bar kowa ya shiga tanki ko tsohuwar rijiya ba igiya ba mai tsaro. Iskar ciki na sumar da mutum nan take, mai shiga ceto ya zama na biyu. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina ba-haya a fili a 2022, kuma da irin waɗannan ramuka masu araha ta kai can.

Ruwan sama muna barinsa yana wucewa. Sakkwato na samun wajen milimita 600 a shekara. Rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 zai tara lita 60,000 a lissafi. Ko an cire asara, ya doshi jarka 2,000. Matsalar ita ce cikin wata huɗu yake sauka, sai tanki babba mai murfi. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye tukuna.

Saura randa. Ruwa kan fito daga burtsatse lafiya lau ya lalace a tsakar gida. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗar da ke kife kan faifai, ya zura hannu har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da sauran. Moɗa mai dogon mariƙi, ko bokiti mai murfi da kan famfo, ta kashe wannan. Alam da garin ƙwallon zogale suna kwantar da laka, amma ba su gama da ƙwayoyin cuta. Bayan ruwan ya kwanta sai a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard da Aquatabs yadda aka rubuta a jiki, a jira rabin awa. Rana ma, wadda muke da ita har ta yi yawa, tana aiki: ruwa garau a farar gorar roba, a kwantar kan kwano awa 6.

Bayan ambaliya a ninka hattara. Wanda ya ga ta Satumbar 2010, da ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san yadda ruwa ke haɗe masai da rijiya su zama tafki ɗaya. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ta an zuba kulorin kafin a koma mata. A shekarar ta 2010 kwalara ta kashe sama da mutum 1,500 a Najeriya. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, mafi yawa a Arewa.

Idan gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama wani a gida, tana iya ƙarar da ruwan jikinsa cikin awoyi. A haɗa ƙunshin ORS cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Idan babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗayan, a shafe ba a tula ba. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ko yana amai, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, a kama hanyar asibiti ana ba shi a kan hanya. Kayan da ya ɓata kuma a wanke su nesa da bakin rijiya.