Yadda Ake Zaɓen Kayan Ƙaramar Kwamfuta ta Kallo a Gida

A zamanin kakanninku, in an ce za a yi kallo, to, majigi ake nufi. Mota ce takan zo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da injin wuta. Da duhu ya yi sai jama'a su taru su zauna a ƙasa, hotuna suna motsi a kan ƙyalle, wani yana yi musu bayani da babbar murya. Daga baya talabijin ta zo. Tasha ta farko a Nijeriya an buɗe ta a Ibadan a 1959, ta Kaduna kuwa a 1962. A 1990 aka yi fim ɗin Hausa na kaset mai suna Turmin Danya a Kano, daga nan kaset ya shiga gidaje, faifai ya biyo baya.

Yau kuwa mutumin Kimba ko Jega ko Maiyama yana iya haɗa wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya jona ta da talabijin, ya zuba mata finafinai da darussa da wa'azi, iyalinsa su zauna su kalla. Amma haɗa ta sai da lura. Wanda ya sayi kaya da ka, yakan zubar da kuɗin albasarsa na shekara guda a banza. Saboda haka bari mu duba yadda mai hankali yake zaɓe.

ABIN DA AKE NEMA

Kafin mutum ya tafi kasuwa, ya kamata ya san aikin da zai sa abin da zai saya. Wanda zai kai ɗan buhun gero gona ba ya neman babbar mota, jaki ya ishe shi. Haka kwamfutar kallo take. Ba a nemanta da aiki mai nauyi. Abu uku kawai ake so gare ta: ta zama ƙarama don ta zauna kusa da talabijin, ta yi shiru don kada ta hana mutane jin magana, sa'an nan kada ta sha wuta da yawa.

Waɗannan abubuwa uku a ɗaure suke da juna. Ku lura da kyau. Duk wutar da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take zama. In ta sha wuta da yawa sai ta yi zafi da yawa. In ta yi zafi da yawa sai an sa mata fanka mai ƙarfi. Fanka mai ƙarfi kuwa ita ce mai ƙara, kuma tana bukatar babban akwati. Kun ga ke nan, wanda ya rage shan wuta ya rage zafi, ya rage ƙara, ya kuma rage girma.

ƘWAƘWALWA

Abu na farko da ake zaɓa shi ne ƙwaƙwalwa, wadda masu sana'ar suke kira firosesa. Wani ɗan abu ne mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannun yaro ba. Shi ne yake yin dukan lissafi, kuma shi ya fi kome zafi.

Ana auna shan wuta da wani ma'auni da ake kira wat. Akwai ƙwaƙwalwar da takan sha wat 100 ko fiye, ita ce ta masu aiki mai nauyi. Akwai kuma ƙanana. Kamfanin Intel na Amurka ya fitar da wata a 2023 mai suna N100, wadda aka ƙayyade ta a kan wat 6 kawai. Duk da ƙanƙantarta tana nuna fim tangaram, domin a cikinta an keɓe wani sashe wanda ba shi da wani aiki sai warware hoton fim. Hausawa sun ce gajere ba yaro ba ne. Don haka mai saye ba ya tambayar wace ce ta fi ƙarfi. Tambayarsa ita ce, wace ce za ta nuna fim sosai da wuta kaɗan?

UWAR ALLO

Na biyu shi ne uwar allo. Wani faffaɗan allo ne wanda ake kafa dukan sauran kaya a kansa, da siraran hanyoyi na tagulla da suke sada su. Ya yi kama da kasuwar Jega, inda hanyoyi suke haɗuwa, kowa ya kawo nasa ya karɓi na wani.

Allunan suna da girma iri iri. Wanda ya dace da ƙaramar kwamfuta ana kiransa Mini-ITX. Wani kamfani na ƙasar Taiwan mai suna VIA ne ya fito da shi a 2001. Tsawonsa santimita 17, faɗinsa ma santimita 17. Ku ɗauki rula ku zana shi a littafinku, ku ga ƙanƙantarsa.

A nan ne mutane da yawa suke yin hasara. Ba kowace ƙwaƙwalwa ce take shiga kowane allo ba, kamar yadda ba kowane mabuɗi yake buɗe kowane kwaɗo ba. Lalle ne mai saye ya tabbata sun dace da juna kafin ya biya. Akwai kuma allunan da aka manne musu ƙwaƙwalwarsu tun daga masana'anta. Waɗannan sun fi sauƙi ga sabon hannu.

WURIN AIKI DA WURIN AJIYA

Kwamfuta tana da wuri biyu na riƙe abu. Ku tuna da mace mai tuwo. Hatsinta yana cikin rumbu, amma wanda za ta yi aiki da shi yanzu yana kan faifai a gabanta.

Faifan kwamfuta shi ake kira ram. A kansa take ɗora abin da take aiki da shi a lokacin, in an kashe ta sai ya tafi. Ana auna shi da gigabait. Gigabait 4 zuwa 8 sun isa kwamfutar kallo, ƙari a kan haka ɓarnar kuɗi ce. Shi ma iri iri ne. Wanda ake kira DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, kuma wanda ya tura shi da ƙarfi zai karya shi.

Rumbun kuwa iri biyu ne. Tsohon iri yana da faranti a ciki wanda yake juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Abin da yake juyi haka dole ya yi ɗan gurnani, kuma in ya faɗi ƙasa yakan lalace. Sabon iri, wanda ake kira SSD, ba abin da yake motsi a cikinsa. Ba ya ƙara ko kaɗan, ya fi sauri, ya kuma fi ƙarancin shan wuta. Sai dai ya fi tsada. Ga lissafi: a ce kowane fim yana cin gigabait 2, rumbu kuwa yana ɗaukar 256. In an ware gigabait 56 don bukatun ita kwamfutar, saura 200. Watau zai ɗauki fim 100.

MAGANIN ZAFI

Ƙasarmu ta Kebbi ƙasa ce mai zafi. A watan Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40. Kwamfutar da za ta zauna lafiya a Ingila tana iya wahala a ɗakin kwano a Kimba. Saboda haka maganin zafi ya fi muhimmanci a wurinmu.

A kan ƙwaƙwalwa ana ɗora wani ƙarfe mai haƙora da yawa kamar matsefi. Yawanci da alminiyom ake yinsa, watau ƙarfen nan mara nauyi da maƙera suke narkarwa su yi tukwane. Aikinsa shi ne ya janye zafi ya ba iska. Me ya sa aka yi masa haƙora? Kun san kunu ya fi saurin hucewa a faffaɗar ƙwarya da a cikin kofi, domin a ƙwarya iska tana taɓa wuri mai yawa. To, haƙoran nan suna ƙara wurin da iska za ta taɓa.

In ƙwaƙwalwa ƙarama ce, ƙarfen nan kaɗai yana iya isarta, ba sai da fanka ba. Kwamfutar da ba ta da fanka, ba ta da faranti mai juyi, ba za a ji motsinta ba sam, domin abin da yake motsi ne kaɗai yake ƙara.

In kuwa dole sai an sa fanka, to, a zaɓi babba. Wataƙila ku yi mamaki, amma ƙaramar fanka ta fi babba ƙara. Ku gwada fifita da faffaɗan mahuci, sa'an nan ku gwada da murfin littafi ƙarami. Da mahuci a hankali za ku kaɗa ku sami iska, da ƙaramin kuwa sai kun yi ta sauri. Haka fanka mai faɗin santimita 12 take juyi a hankali ta ba da iska mai yawa, mai santimita 4 kuwa sai ta yi gudu tana kuka kamar sauro a kunne.

AKWATI DA ƘURA

Akwati shi ne rigar kwamfuta. A zaɓi wanda allo zai shiga, mai huji a ƙasa da sama. Iska mai zafi sama take tashi kamar hayaƙi, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Kada a kulle akwatin a cikin kabad, kada kuma a rufe shi da ƙyalle yana aiki don ado.

Abokin gāba na biyu shi ne ƙurar hunturu. Takan shiga ta cushe haƙoran ƙarfen nan, ta zama kamar bargo, zafi ya kasa fita. A ɗora kwamfuta a kan tebur, ba a ƙasa ba. In an kashe ta, ta huce, a rufe ta. Bayan hunturu wani babba ya zare ta daga wuta, ya buɗe, ya share da busasshen burushi mai laushi. Yaro kada ya buɗe kayan lantarki, kada kuma ya taɓa su da jiƙaƙƙen hannu.

LISSAFIN WUTA

A garuruwanmu wuta takan ɗauke, shi ya sa gidaje da yawa suka koma ga sola da batir. Bari mu yi wani lissafi mu ga amfanin ƙaramar kwamfuta. A ce batirin gida yana iya ba da wat 600 na awa ɗaya, talabijin kuwa tana shan wat 40.

In aka jona babbar kwamfuta mai shan wat 160, jimla 200 ke nan. Raba 600 gida 200, ka sami awa 3. In kuwa ƙarama ce mai shan wat 10, jimla 50. Raba 600 gida 50, ka sami awa 12. Batir ɗaya ne, amma wannan gida ya yi kallo ninki huɗu na wancan, ko kuwa ya rage kallo ya bar wa fitila da fankar ɗaki rabonsu.

Har wa yau akwai abin da yake karɓar wutar bango ya rage ƙarfinta kafin ta shiga kwamfuta. Kada a yi rowa a nan. Mara kyau yakan ƙone, ya ƙona sauran kayan tare da shi. Araha ba ta ado. Waya kuma a nemi wadda ake kira HDMI, domin ita kaɗai tana kai hoto da murya zuwa talabijin.

WATA GAJERIYAR HANYA

Wanda ba ya son haɗa kaya ɗaya bayan ɗaya yana da wata hanya. A 2012 wasu masana a birnin Kambirij na Ingila suka fito da wata kwamfuta mai suna Raspberry Pi, don yaran makaranta su koyi aiki da ita. Ba ta fi tafin hannun babba ba, kuma ƙwaƙwalwa da ram duk suna manne a allo ɗaya. Ta huɗu a jerinsu, wadda ta fito a 2019, tana nuna fim sosai. In zafinta ya kai digiri 80 takan rage gudu da kanta don kada ta lalace, sai hoto ya riƙa tsayawa. Saboda haka a ƙasarmu ita ma a sa mata ƙarfen shan zafi. Akan zuba mata wata manhaja ta kyauta mai suna Kodi, wadda take jera finafinai a kan talabijin, mutum ya zaɓa daga inda yake zaune.

Ya ku yara, abin da za ku riƙe shi ne wannan. Mai hankali yakan san bukatarsa tukuna, ya rubuta kayan a takarda, ya tabbata sun dace da juna, ya nemi a gwada su a gabansa, sa'an nan ya biya. Wannan ka'ida tana aiki ko keke za a saya ko injin ban ruwa. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha wadda gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa a 2006. Wanda ya dage da lissafi tun daga yanzu, wata rana yana iya shiga can ya koyi yadda ake ƙera waɗannan kaya, ba haɗa su kaɗai ba.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku ake nema ga kwamfutar kallo?
2. Me ya sa kwamfutar da take shan wuta da yawa take yin ƙara?
3. Mene ne bambancin ram da rumbun ajiya?
4. Don me aka yi wa ƙarfen shan zafi haƙora?
5. Batir yana ba da wat 600 na awa ɗaya. Talabijin tana shan wat 40, kwamfuta tana shan 20. Awa nawa za a yi ana kallo?