Wace Mace Ce Ke Zama Gaban Mai Zane?

Kafin a ƙirƙiro kyamara, duk mai son kamanninsa su wanzu bayan ransa sai ya zauna gaban mai zane, ya biya kuɗi masu tsoka. Shi ya sa yawancin matan da zanensu ya cika gidajen tarihin Turai sarauniyoyi ne da matan attajirai. Dubi zanen Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila, wanda aka yi wajajen 1588, bayan an fatattaki jiragen yaƙin Sifen. Riga ta sha lu'ulu'u, hannun dama yana bisa taswirar duniya, ga jiragen ruwa a bayanta. Mulki aka ce mai zane ya nuna, shi kuwa ya nuna.

Baƙar mace fa? In ta shiga irin waɗannan zanuka, a gefe ake ajiye ta, tana riƙe da faranti ko furanni, don a san uwargijiyarta mai hali ce. A 1800 wata Bafaranshiya, Marie-Guillemine Benoist, ta saɓa wa wannan al'ada. Ta zaunar da wata baƙar mace ita kaɗai a kan kujerar masu gida, da farin ɗankwali, tana kallon mai kallonta ido cikin ido. Zanen yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Abin da ke min ciwo shi ne, fiye da shekara 200 da launin fatarta kawai ake kiran zanen. Sai a 2019 aka maƙala masa sunanta, Madeleine, bayan masu bincike sun gano 'yar tsibirin Guadeloupe ce da ke aikatau a gidan dangin mijin mai zanen.

Da wannan tarihin nake kallon zanen Michelle Obama da Amy Sherald ta yi, wanda aka buɗe a Washington a Fabrairun 2018. Sherald ta ɗauki tsohon tsarin nan na zaman ƙasaita: mace a zaune, haɓa bisa hannu, doguwar riga ta bazu har ƙasa. Amma ba kambi, ba gwal, ba labulen fada, sai shuɗin fili a baya. Adon rigar kuma yana tuna bargunan faci-faci da matan Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, ke ɗinkawa da hannu.

Fatar ce ta fi jawo magana, domin da ruwan toka ta zana ta. Wasu suka ce ba ta yi kama ba. Ni ina tare da Sherald. Haka take zana duk mutanenta, irin launin tsofaffin hotuna marasa kala, waɗanda ta hanyarsu ne baƙaƙen Amurka suka fara samun damar nuna kansu yadda suke so. Idon da ya saba tsayawa a kan fata dole ya wuce zuwa ga mutumin.

Mu ma muna da irin waɗannan hotuna a cikin adakar iyayenmu: kaka ta ci ado, ta zauna gaban mai hoto. Jama'a, ku tambayi tsofaffin gida tun suna raye, ku rubuta sunanta da garinsu a bayan hoton.