Tsabar zinariyar kaka: a kai ta Turai a sa mata lamba, ko a ɗora ta a sikeli?

Ba kasafai ake ganin ta ba sai ranar da aka buɗe adakar mamaciya. Ƙarƙashin zannuwa da tsofaffin kwalaben turare sai a ci karo da ɗan ƙulli a tsumma, a kwance shi, tsabar zinariya ta faɗo, da kan wani Bature a gefe guda da shekara a ɗaya gefen. A da, magada kan aika a kira maƙerin farfaru ya auna, a yi kuɗi, a raba. Yanzu kafin a aika, wani saurayi a gidan ya riga ya ɗauki hotonta da waya, ya bincika a intanet, ya ga mai kama da ita an sayar da kuɗin da zai gina gida a Damagaram. Sai ya ce kada a yi gaggawa, a fara aika ta wurin masu tantancewa su ba ta daraja tukuna.

Saurayin bai yi ƙarya ba, akwai masu wannan sana'a. Manyansu kamfanoni biyu ne na Amurka: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da ya biyo baya a 1987. Ka aika musu tsaba, su tabbatar ba jabu ba ce, su duba yadda hannu ya cinye zanenta, su ba ta lamba daga 1 zuwa 70 bisa ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga nan su rufe ta cikin gidan roba mai hatimi da lambar rajista wadda kowa zai iya dubawa a shafinsu. Tsabar da ta sami 60 zuwa sama ita ce wadda ba ta taɓa yawo a kasuwa ba. Mai 70 kuwa, ko da madubin ƙara girma ba a ganin aibu a jikinta.

Idan aka lura, aikin dillali ne suke yi. A Kasuwar Dole ta Damagaram, mai saye da mai sayarwa sukan yarda da juna saboda akwai wani a tsakiya wanda suka sani, wanda zai ji kunya in kaya suka fito da algus. A intanet babu wannan mutumin. Wanda ke Jamus ko Dubai bai san ka ba, bai san unguwarku ba, hoto kawai yake gani. Hatimin roba shi ne ke tsaya maka shaida. Abin tambaya shi ne ko tsabar da ke hannunka ta kai a ɗauko mata shaida daga wata duniya.

Mafi yawan lokaci ba ta kai ba, kuma dalilin yana cikin tarihin yadda irin waɗannan tsabobi suka iso nan. Damagaram ba ta buga kuɗin zinariya ba. A zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayarin Tarabulus ke sauka a Zango, da wuri ake ciniki, manyan kuɗi kuma da liyari, wato tsabar azurfa mai hoton Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya. Zinariyar da ake tsinta a adaka yau baƙuwa ce: ta Faransa mai faran 20 wadda ake kira Napoleyon, ko fam na Ingila wanda mutanen Kano da Borno ke ce wa sisin gwal suna biyan sadaki da shi, ko lirar Daular Usmaniyya, ko tsabar gini ta Saudiyya da alhazai suka riƙa shigowa da ita. Duk waɗannan an buga su da yawan gaske, miliyoyi a kan miliyoyi. Mai tara tsoffin kuɗi ba ya biyan tsada don abu ya tsufa, yana biya ne don abu ya yi wuyar samu kuma ya fito tas kamar ranar da aka buga shi.

Ita ma shekarar da ke jikin tsaba ba abin dogaro ba ce, kuma liyari ya ishe mu misali. Mariya Tareza ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga liyarinta da wannan shekarar har ƙarni na 20, a Biyana da Landan da Paris da Roma da Bombai, domin 'yan kasuwar Afirka da Larabawa ba sa karɓar wani sai shi. Mutum na iya rantsewa liyarin kakansa ya haura shekara 240, alhali bai girmi kakan ba. Haka zinariya. Faransa ta sake buga faran 20 mai hoton zakara tsakanin 1951 da 1960, ta bar masa shekarun 1907 zuwa 1914. Ingila ma ta sake buga fam bayan Yaƙin Duniya na Biyu da shekarar 1925 a jikinsa.

Saboda haka darajar irin wannan tsaba tana cikin nauyinta. Napoleyon tana da giram 6.45, kashi 900 cikin 1000 zinariya, wato giram 5.81 zalla. Fam na Ingila giram 7.98 ne, karat 22, zinariyar cikinsa giram 7.32. Ana faɗin farashin duniya ne a kan oza, mai giram 31.1. A watan Oktoban 2025 oza ta haura dalar Amurka 4000, ke nan a lokacin Napoleyon guda ta wuce jika 400 ta sefa, ko da kuwa zanenta ya shafe. Wannan lissafi yaron makarantar sakandare zai yi shi a bayan takarda, ba sai an je ko'ina ba. Lambar da masu tantancewa za su ƙara wa tsaba gama-gari ba ta cika ɗaga farashinta sama da haka da abin kirki ba.

Kafin ma a kai ga lamba, akwai abin da zai hana yawancin tsabobinmu samunta. Iyayenmu mata ba su ajiye zinariya don kallo ba. An huda ta an rataya a sarƙa, an like mata kunne da dalma, an goge ta da toka da lemun tsami ranar biki don ta yi ƙyalli. A wurinmu wannan kulawa ce. A wurin masu tantancewa lahani ne. Tsabar da aka huda, ko aka goge, ko aka ciro daga sarƙa, ba sa ba ta lamba, sai dai su tabbatar ta gaske ce su rubuta aibinta a jikin robar. Ka biya kuɗi ke nan a rubuta wa duniya cewa kayanka na da tabo. Don haka duk wanda ya tsinci tsaba mai kyan jiki, kada ya wanke, kada ya goge, ya riƙe ta ta gefe, ya naɗe a kyalle mai laushi. Dauɗar shekaru ba ta rage mata komai, gogewar minti ɗaya kuwa ba ta gyaruwa.

Sai batun hanya. A watan Janairun 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth yana zaune a Damagaram aka kawo masa tsabar dala 1000 da ta ƙetaro Sahara, an ɓoye ta cikin akwatunan sukari biyu don kada idon kowa ya kai gare ta. Jirgin sama ya maye gurbin raƙumi, amma fargabar tana nan. Babu ofishin waɗannan kamfanoni a Nijar ko Najeriya. Mafi kusa suna Turai: PCGS a Paris, NGC a Munik da Landan. Ba kuma kowa ne ke aika musu kai tsaye ba, sai wanda ya yi rajista ya biya, ko ya bi ta hannun dillalin da suka amince da shi. A haɗa kuɗin aikin, da na aikawa, da inshora zuwa da dawowa, da makonnin jira. A tuna kuma zinariya ba ta fita ƙasa kamar kilishi, akwai duwan da takardun izini, kuma kamfanonin jigila da yawa ba sa karɓar ta daga hannun ɗaiɗaikun mutane. Wanda ya ce zai damƙa wa matafiyi ya sa a aljihu, ya san abin da ya saya wa kansa in aka tsayar da shi.

To yaushe tantancewar ke da amfani? Idan tsabar ta fita daga sahun gama-gari. Wasu shekarun kaɗan aka buga, wasu kuma suna da ƙaramin harafi da ke nuna gidan bugun da bai fitar da yawa ba: fam na Ingila, alal misali, an buga shi har a Ostareliya da Kanada da Indiya da Afirka ta Kudu, kowanne da harafinsa. Akwai kuma tsabobin zinariya na Nijar masu hoton Shugaba Diori Hamani da shekarar 1960, waɗanda ba don kasuwa aka yi su ba, don tunawa da samun 'yanci ne, kuma ba su da yawa. Irin waɗannan, in jikinsu bai taɓu ba, tazarar da ke tsakanin farashin nauyi da abin da mai tarawa zai biya na iya rufe kuɗin hanya har a sami saura mai auki. Hanyar ganewa ba ta cin ko dala: a ɗauki hoton fuska da baya a hasken rana, a nemi shekarar da harafin a kundin tsabobi na intanet, a duba farashin da aka riga aka sayar da irinta. Na ce wanda aka sayar, domin abin da mai kaya ya rubuta yana nema ba ciniki ba ne, buri ne.

Tsoron jabu kuwa gaskiya ne, amma maganinsa na kusa. An daɗe ana kwaikwayon fam a Gabas ta Tsakiya, wani da zinariya ta gaske amma mai ƙarancin karat, wani kuma maƙera ne suka yi shi don kwalliya ba don zamba ba. Sikeli mai auna ɗigon giram da ma'aunin faɗi sukan tona asirin mafi yawansu, domin zinariya ta fi tagulla da dalma nauyi nesa ba kusa ba, ba a samun faɗi da kauri da nauyi su dace gaba ɗaya a kan na bogi. Fam yana da faɗin milimita 22, Napoleyon 21. In mayen ƙarfe ya ja ta, magana ta ƙare. Abin da za a hana maƙeri, har sai an san ko wace iri ce, shi ne ya karce ta a dutse ko ya ɗiga mata ruwan gwaji.

Akwai abubuwa biyu da saurayin mai waya bai sa a lissafi ba. Na farko, tsabar ba tasa ba ce shi kaɗai. Dukiyar gado ce, kuma in ta ɓace a hanyar Paris, rabon marayu da na sauran magada ya tafi tare da ita. Ba a motsa ta sai da yardar kowa, a gaban shaidu, an rubuta nauyi da kama. Na biyu, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san zinariya da kuɗi hannu da hannu ake musayarsu, ba jinkiri. Cinikin intanet kuwa kusan kullum ɗaya ne ke rigan ɗaya: ko kuɗi su shigo kaya su biyo baya, ko kaya su tafi a zauna jiran kuɗi. Wannan sai an tambayi malamin gida yadda za a tsara shi.

Da ni ne a zauren, zan ce a auna ta a wurin maƙera biyu da ba su san juna ba, a duba farashin oza na ranar, a buga lissafi a gaban magada. In bincike ya nuna gama-gari ce, a sayar a nan ko a Kano, a ƙirga kuɗi a tashi. In kuwa cikin 'ya'yan akwai wadda ta tuna ranar da ta ga tsabar a wuyan mahaifiyarta, a yi mata kuɗinta cikin rabonta, ta mayar da ita a sarƙa.