Labaran So Masu Duhu Da Ƙorafin Masu Karatu

Akwai wani irin ƙagaggen labari da ya yi kasuwa a Amurka da Ingila, wanda a ke kira labarin so mai duhu. Ga yadda a ke gina shi: namiji ya sace mace, ko ya tsare ta, ko ya yi mata fin ƙarfi, sa'an nan a ƙarshen littafi ta so shi, a ce an rabu lafiya. Mata ne mafi yawan masu rubuta shi, su ne kuma mafi yawan masu saye.

Abin ba yau ya fara ba. A 1972 Kathleen Woodiwiss ta fitar da The Flame and the Flower, inda jarumin ya yi wa yarinyar fyaɗe tun a farkon labari, daga baya ya zama mijinta abin ƙaunarta. A 2021 kuwa H. D. Carlton ta fito da Haunting Adeline, labarin wani mai bin mace a ɓoye, yana shiga gidanta da dare. TikTok ce ta yayata shi har ya kai hannun 'yan makaranta.

To, mene ne ƙorafin masu karatu? Ba su ce kada a rubuta mugunta ba. Cewa su ka yi an mai da mugu ango, an mai da tsoron mace alamar so. Waɗansu kuma sun ce marubuta na tseren wa zai fi wani ta da hankali, watau kowane sabon littafi sai ya zarce na baya ƙazanta, ko da labarin bai bukata ba, don dai a yi maganarsa a saya. Wannan na biyu, a ganinmu, shi ya fi ƙarfi.

Dubi abin da ya sami Colleen Hoover. Littafinta It Ends with Us na 2016 a kan miji mai dukan matarsa ne, ta kuwa ce daga rayuwar mahaifiyarta ta ɗauko shi, matar kuma ta rabu da mijin a ƙarshe. Amma a watan Janairu 2023, da aka ba da sanarwar za a yi littafin shafa launi daga labarin, sai masu karatu su ka yi caa, su ka ce ba a wasa da raunin mutane. Cikin 'yan kwanaki aka janye shi.

Masu kare waɗannan littattafai suna da tasu hujja. Sun ce baligar mace ta san ƙage daga gaskiya, kuma a kan jera gargaɗi a shafin farko. Lalle haka ne ga baliga. Amma mu da aikinmu horon malamai ne mun san jerin gargaɗi ga yarinya 'yar shekara 14 kamar talla ne.

Mu ma a nan an taɓa wannan rigima. A 2007 aka ƙona littattafan soyayya a Kano, ga shi yanzu labaran sun koma cikin waya, inda ashana ba ta kai. Balaraba Ramat Yakubu kuwa, cikin Alhaki Kuykuyo Ne, ta nuna wulaƙancin da Alhaji Abdu ya yi wa matarsa Rabi ba tare da ɓoye kome ba, amma ba ta taɓa kiransa so ba. Malamin da ya kama littafi a hannun almajirarsa, kafin ya ƙwace, ya tambaye ta wa aka zalunta a ciki, kuma wane suna marubuciyar ta ba zaluncin.