Gasar tashoshin HD a talabijin na tauraron ɗan adam a Najeriya

Gasar tashoshin HD ita ce rige-rigen da kamfanonin talabijin na tauraron ɗan adam ke yi wajen yawaita tashoshi masu hoto tangaran, waɗanda ake kira HD, domin jawo masu biyan kuɗin wata. A Najeriya gasar ta fi zafi tsakanin DStv na kamfanin MultiChoice, mai asali a Afirka ta Kudu, da StarTimes na ƙasar Sin. Tasirinta ya kai garuruwa irin su Birnin Kebbi da Argungu da Gulma a jihar Kebbi, musamman ta gidajen kallon ƙwallo.

Ƙarancin gurbi

Hoton talabijin tarin ɗigo ne. Hoton da aka saba da shi, wato SD, yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, kimanin 415,000 ke nan. Cikakken HD kuwa yana da 1920 da 1080, sama da miliyan 2, wato ninki biyar.

Tauraron da ke aiko hoton yana nisan kilomita kusan 36,000 daga doron ƙasa. A jikinsa akwai na'urori da ake kira taransifonda, kowace da iyakar bayanan da za ta iya ɗauka, kuma kamfanin talabijin hayarsu yake yi daga masu tauraron. Gurbin da tashar HD ɗaya ke cinyewa zai ishi tashoshin SD da dama. Kamfanin da ke son ƙara HD sai dai ya kama sabuwar haya, ko ya sauke wasu tashoshi, ko ya ƙara matse hoton. Sauyawa daga tsarin matsewa na MPEG-2 zuwa MPEG-4, da daga DVB-S zuwa DVB-S2, ya buɗa wuri sosai, amma tsofaffin dikoda ba sa buɗe sabon tsarin, dole mai kallo ya sayi wata.

Matsewar ma tana da iyaka. Idan ta yi yawa, hoto yakan dagargaje a wurin da motsi ke da sauri, kamar lokacin da aka ɗaɗa ƙwallo. Saboda haka yawan tashoshin HD da kamfani ke talla da shi ba ya nuna kyawun hotonsu.

Tarihi

An fara DStv a shekarar 1995, kuma ya fito da HD a 2008, lokacin wasannin Olamfik na Beijin. Wanda ya fara girgiza shi a Najeriya shi ne HiTV na Toyin Subair, wanda ya samu izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila a 2007. Izinin ya koma hannun SuperSport na MultiChoice a 2010, HiTV kuma ya durƙushe a 2011.

StarTimes ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, da dikoda mai eriya mai rahusa. MultiChoice ya mayar da martani da GOtv a 2011. Daga baya StarTimes ya kama haya a tauraron SES-5 ya shiga harkar dish, ya sayi izinin gasar Bundesliga ta Jamus a 2015, ya kuma nuna gasar cin kofin duniya ta 2018 a HD. Shi kuma MultiChoice ya ƙara gurbi a tauraron Eutelsat 36C, wanda aka harba a watan Disamba na 2015. TStv, kamfanin cikin gida da aka ƙaddamar ranar 1 ga Oktoba 2017, ya zo da alƙawarin tashoshi masu yawa da araha, sai dai bai kama kasuwa ba. A watan Satumba na 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice.

A jihar Kebbi

Dikoda mai eriya tana bukatar turken watsawa a kusa, shi ya sa garuruwan da ke nesa da turke suka dogara da dish. Gulma da Argungu suna tsakanin digiri 4 da 5 gabas, SES-5 kuma yana digiri 5, don haka kusan a saman kai yake, ɗan kudu kaɗan. Taurarin da DStv ke amfani da su don Najeriya suna digiri 36, sai dish ɗinsa ya fuskanci gabas maso kudu. Da damina, hadari mai kauri yakan ɗauke hoton kowane daga cikinsu har ruwa ya tsagaita.

Kamfanonin sukan fara bai wa tashoshin wasanni gurbin HD, manyan wasannin kuma sukan kasance a rukuni mai tsada. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka fara ganin HD a gidan kallo, inda mai gidan ke biyan kuɗin wata da man janareto, ya karɓi kuɗin shiga a kowane wasa. A babban allo bambancin yake fitowa, domin a ƙaramar talabijin da wuya a rarrabe HD da SD.

A cikin gidaje kuwa, abin da ke jan iyali shi ne tashoshin Hausa irin su Africa Magic Hausa da Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma tashoshin Larabawa na kyauta da ake kamawa a Nilesat da Arabsat ba tare da kuɗin wata ba.